Yaya Asabe Ta Gyara Motocin Sulke, Ni Shaida Ce

Shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar yayata Asabe, amma har gobe in na bi ta Challawa sai na kau da kai.

Lokacin yaƙin basasa, bayan an kashe mijinta makanike a bakin daga, aka ɗauke ta shara a garejin soja. Shara fa! Ba a rufa wata uku ba sai ga ta kwance ƙarƙashin motar sulke da sifana a hannu, don ta koyi aikin a wurin marigayin. Su huɗu ne mata a wurin. Da kunne kawai take gane ciwon inji.

Da aka gama yaƙi ta dawo gida Panshekara, Inna ta tara mu ta ce duk wanda ya tambaya a ce Asabe tana ƙauye wurin Gwaggo. Macen da ta zauna cikin soja, wa zai aure ta, wa zai auri ƙannenta? Kullum ana ƙunsa mata lalle don a rufe baƙin man da ya kama farcenta.

Can wata masana'antar fata ta buɗe a Challawa tana neman masu gyaran inji. Yaya ta ja ni na raka ta. Da ta ce ta gyara motocin sulke a garejin soja, manajan ya yi dariya, sannan ya ce tunda ba ta da takarda, to wani na gida ya shaide ta. Ya dube ni: "Malama, da gaske ne?" Saura wata biyu bikina. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni dai ban sani ba."

Wankin fata aka ba ta. Shekara goma sha uku tana cikin wannan wari da ruwan magani, har ciwon ƙirji ya tafi da ita. Ko sau ɗaya ba ta tayar mini da maganar ba, kuma wallahi wannan ya fi ci mini rai.

Da za ta ga masana'antun Sharada da Bompai yau, ƙofofi a garƙame, injuna sun yi tsatsa, na san tsaki kawai za ta ja. Matan nan uku da suka yi aiki tare a garejin soja duk sun rasu. Jikokina in na ba su labari sai su ce Hajiya ta fara ruɗewa.

To ga shi na faɗa a jarida: da gaske ne, Manaja. Sai dai ban san wanda zan kai wa shaidar ba yanzu.