Faifaina da Akwatin Alhaji Rasaki

Ina sanar da jama'ar Fagge da Sabon Gari, musamman 'yan majalisar da ke zama a ƙofar shagon Alhaji Rasaki bayan la'asar, cewa muhawarar nan ta faifai da akwati, wadda ta cinye mana shekaru ta kuma sa shayin mutane da dama ya huce a kofi, ta zo ƙarshe. Ba sulhu aka yi ba. Ɗaya daga cikin masu muhawarar ne ya tafi, ya bar ɗayan da magana a baki.

Ranar Talata da hantsi ina ofishin malamai ina duba takardun jarrabawa, sai matata ta kira ni. Ta ce, "Baban Ummi, ka taho gida. Alhaji Rasaki ya faɗi a shago, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa." Na yi salati, na ajiye jan biro, na fito na tari adaidaita sahu. Ina jin kunyar abin da zan faɗa, amma gaskiya na zauna rubutawa. A cikin adaidaitar nan, tsakanin addu'a da hawaye, wani tunani ya ratso mini: shi ke nan, ya tafi bai san faifaina ya lalace ba. Har wani lungu na zuciyata ya ɗan ji sanyi. Allah ya yafe mini.

Iyayen Rasaki daga ƙasar Yarabawa suka zo tun ba a haife mu ba, katanga ɗaya ce ta raba gidansu da namu. A Fagge aka yanke masa cibiya, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗi, duk da ni ake biya albashi in koyar da ita. Tun muna yara nake kishinsa, kuma ina da hujja. Idan mahaifiyata, Inna, ta kwashe tuwo, Rasaki take kira ta ba shi ƙanzo. Idan ta aike mu niƙa, shi take damƙa wa kwanon. Na tafi jami'a na dawo da digiri da tabarau, shi kuwa ya shiga kasuwar yadi ya dawo da tumbi, amma ra'ayin Inna bai motsa ba. Takan ce, "Kai dai kana da karatu. Rasaki kuwa yana da natsuwa."

Ban taɓa yafe masa ba, domin gaskiya ta faɗa. Idan yana auna wa mace yadi, sai ya ƙara taƙi guda bai ce komai ba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya biyo ya gaida Inna, da man zafi na gwiwa a aljihunsa, alhali ni ɗanta da ke gida ɗaya da ita ban ma lura yana ƙarewa ba. Farfesa yake kirana, ba don girmamawa ba. Yakan ce, "Farfesa, kai ka karanta, ni na lura."

Shekarar da soja suka koma bariki aka haifa mini 'yar fari, na sa mata sunan Inna, muke kiranta Ummi. Ranar suna na ɗauko mai bidiyo. A cikin kaset ɗin akwai wurin da Inna ke zaune a kan tabarma da jaririyar a cinyarta. Ta ɗaga kai ta ce, "Ina Rasaki? An ba shi abinci kuwa?" Bayan nan ta juyo ta dube ni, ta yi mini doguwar addu'a. Ba ta ƙara shekara biyu a duniya ba. Wannan kaset shi kaɗai ne inda muryarta ta rage mini.

Da zamani ya juya, injin kaset ya fara taunar zare, masu gyara kuma suka daina karɓa, sai ya zama dole kowa ya nemi inda zai mayar da ajiyarsa. Wata Asabar muka tafi kasuwar Sabon Gari tare, shagon wani mai kayan lantarki da ake kira Oga Chidi. Ya ɗora mana abu biyu a kan kanta. Na farko injin faifai, mai ƙyalli, da bakinsa da ke fitowa kamar harshe. Na biyu wani baƙin akwati da bai kai bulon sabulu biyu ba. Ya ce akwai rumbu a cikinsa da zai ɗauki bidiyon unguwa guda, a jona shi da talabijin, a zaɓa da rimot.

Oga Chidi ya ce, "Malam, da farko ka duba bayan talabijin naka, wane rami ne akwai. In tsoho ne, wayar nan mai ja da fari da ruwan ɗorawa za ta yi. Faifai yana da kyau, amma zafin Kano ba ya son shi. Yara ma ba su son shi."

Na gyara tabarau na yi musu lacca. Na ce abin da ido ba ya gani ba ajiya ba ne. Faifai kamar littafi yake, ka rubuta masa suna, ka jera shi a kanta, baƙo ya shigo ya san gidan masu ilimi ya zo. Na ce wannan akwati ranar da ya faɗo ƙasa, tarihin zuriya gaba ɗaya ya bi ruwa.

Rasaki ya saurare ni har na gama, yana juya akwatin a hannu kamar yana duba lafiyar yadi. Sannan ya dubi mai shago ya ce, "Oga, ba ni rumbu na biyu. Ɗaya a gida, ɗaya a shago." Ya juyo gare ni: "Na gode, Farfesa. Ka ga amfanin tafiya da mai ilimi."

Na bar wa Oga Chidi kaset ɗin ya juye mini a faifai. Da na dawo karɓa ya tambaye ni ko ina son tsohon, na ce ya jefar.

Daga nan falon Rasaki ya zama gidan kallon unguwa. Ya bi gida gida yana aron kaset da faifan biki da na suna da na walimar sauka, yana zubawa a akwatinsa. Yadda yake sa musu suna ya fi komai ba ni dariya. Ba ya rubuta bikin wane da wance. Sunan wanda ya fi kowa tsufa a bidiyon yake sakawa. Na ce masa wannan ba tsari ba ne, ko ɗan aji ɗaya ba zai jera littattafai haka ba. Ya ce, "Ango da amarya muna tare da su, kullum muna ganinsu. Ka dubi gefe, Farfesa. Waɗanda ke zaune a gefe su ake dawowa nema." Haka kuwa aka yi. Duk gidan da aka yi rashi, bayan an share makoki sai ka ga 'ya'ya sun nufi falon Rasaki. Ni kuwa ina gida da jerin faifaina a kanta, kowanne da lamba, babu mai leƙowa sai ƙura.

Sau uku ya ce in ba shi faifan sunan Ummi ya kwafa. Sau uku na hana. Na ce a raina, ya sami ƙanzon Inna, ya sami yabonta, ba zai haɗa da muryarta ba.

Ban san ranar da abin ya faru ba. Ko zafi ne, ko yawan sawa da cirewa, ko gogar da nake masa da gefen riga. Wata rana na saka faifan, Inna ta ɗaga kai ta ce, "Ina Rasaki? An ba shi abinci kuwa?" sai hoton ya tsaya cak, fuskarta ta farfashe gida gida. Na wanke shi da ruwa, na goge da auduga, na kai wa masu gyara uku a ɓoye, can nesa da Fagge. Kowa ya ce ya tafi. Shekara shida ke nan duk lokacin da kewar mahaifiyata ta kama ni, abin da nake samu shi ne in ji tana cigiyar Rasaki. Addu'ar da ta yi mini kuwa tana bayan wurin da ya tsaya, har kalmominta sun fara zame mini.

Duk Sallah idan mun gaisa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Farfesa, yaya faifai?" Ni kuma in ce, "Garau." Sai ya yi murmushi ya ce, "To madalla." Na ɗauka tsokana ce.

Ranar addu'ar kwana takwas, kamar yadda danginsa suke yi, bayan jama'a sun ragu, matarsa Alhaja Sikira ta aiko in shigo falo. Na durƙusa na sake yi mata ta'aziyya. Ta miƙo mini rimot ta ce, "Baban Ummi, ka sauka ƙasa a jerin sunayen da ke kan talabijin, za ka ga sunan Inna."

Na ce, "Alhaja, ai ban taɓa ba shi ba."

Ta ce, "Bai jira ka ba. Washegarin ranar da kuka je Sabon Gari ya koma, ya sa aka zuba masa tun daga kaset ɗin. Ya ce Farfesa zai jefar da tsohon, na san halinsa. Roƙon faifan da ya yi ta yi maka kuwa, so yake ka ba shi da hannunka."

Na ce, "To ai nawa ma yana nan."

Ta dube ni irin kallon da Inna ke yi mini. "Tun makon da ya lalace Maman Ummi ta faɗa mini, ni kuma na faɗa masa. Na ce ya kai maka, ya ce a'a, in ya kai za ka ce dariya ya zo yi maka, kuma ba za ka karɓa ba. Ya hana ni faɗa wa kowa. Ya ce zai riƙa buɗe maka ƙofa da tambayar faifai duk Sallah har ka shigo. Ku biyun nan taurin kanku ɗaya."

Na danna. Ga Inna a kan tabarma, ga Ummi a cinyarta. Ta tambayi Rasaki, ta tambayi abincinsa. Aka zo wurin da nawa ya saba tsayawa. Hoton bai tsaya ba. Ta juyo ta dube ni, ta kira sunana, ta ce Allah ya yi mini albarka, ya sanyaya mini zuciya, ya haɗa ni da abokan zama na gari. A can gefe, rabin jikinsa a waje, ga Rasaki da kwano a hannu, bakinsa cike da shinkafa, yana ƙoƙarin cewa amin.

Ko a nan sai da kishin ya motsa, domin na lura amin ɗinsa ya riga nawa.

Ya Allah, bawanka Abdurrazaƙ, wanda muke kira Rasaki, ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ƙara masa a mizani kamar yadda yake ƙara wa mutane taƙi bai faɗa ba. Ka haɗa shi da iyayensa da Inna a gidan rahama, na san za ta tambaya ko an ba shi abinci. Ka ba Alhaja Sikira da 'ya'yansa haƙuri, ka tsare musu zumuncin da ya bari, ka sa falon nan ya ci gaba da zama a buɗe ga masu neman nasu. Mu kuma da muka rage, ka kyautata ƙarshenmu.

'Yan majalisa, ku shaida. Akwatin ya fi. Ni ne ban yi daidai ba, kuma ba a kan akwatin kaɗai ba.