Mai Rabin Aski da Batiran Nesa

An ɗauke wuta, cajin injin aski kuma ya ƙare a daidai tsakiyar kan wani baƙo. Ga baƙon nan zaune a shagon maƙwabcinmu mai aski, gefe guda fes kamar ƙwai, gefe guda daji. Masu jiran aski suna ta danne dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Siririn mutum ne mai jajayen idanu, ka ce barci ya yi fushi da shi. Ya ƙura wa wayarsa ido, yana bin wani koren layi da ɗan yatsa.

Ashe aikinsa ke nan. Daga inda yake zaune yana ganin yawan wutar da ke fita daga batiran da ke riƙe turakun sabis ɗin waya idan lantarki ya tafi, kamar likitan da ke jin bugun zuciyarka alhali yana wani gari.

Sai layin ya yi tsalle sama. Nan take ya kira abokin aikinsa: "Turken bayan asibiti yana zuƙar wuta fiye da ƙima. Je ka tayar da janareta kafin kira ya daina shiga unguwar." Ba wanda ya ƙara dariya har layin ya kwanta, baƙon ya sauke numfashi.

Mai aski ya ce, "Yallaɓai, kana ceton batiran duniya, ga naka kan an bar wa Allah."

Bai ko ɗago ba. "Nawa batiran suna sanar da ni kafin su suma. Naka ko sallama bai yi ba."