Dattijon da ke Jan Babur Kamar Doki

A bakin kasuwar Kontagora ga wani dattijo da kakin masinja, bisa babur ɗin da ya fi shi nauyi. Zai tsaya, maimakon ya taka birki sai ya ja kan babur kamar linzami. Da gani a kan doki ya tsufa. Babur ya kwanta da shi cikin yashi.

Na ce, "Baba, ba shi dusa, zai tashi!" Aka kwashe da dariya.

Yana kaɗe gwiwa ya ce, "Samari, jibi Bature zai gwada ni. In na faɗi gabansa, aikina ya tafi. Kama mini."

Na kama. Muka tayar da babur, yana ta sa mini albarka. Da ma zagina ya yi.