Hijabin da Ban Cire Ba

An sallame ni daga asibiti ranar Litinin, bayan kwana tara a kwance. Masu tambayar dalilin shiruna, ga shi.

Ina da 'yar gona a Kunduru, gadon mahaifina. Bana wake na shuka. Yana fara fure tsutsa ta sauka. Sau uku ina aika wa masu feshi, amsar ɗaya ce: sai sun gama da gonakin maza.

Na ari injin feshi, irin wanda ake goyawa. Maganin kuwa a gorar ruwa mai shago ya auna mini, babu takarda a jiki. Taron da malaman gona suka yi bayaninsa, a ƙofar gidan mai gari aka yi, inda mace ba ta zama.

Ashe murfin injin yana yoyo. Na ji danshi a bayana, na ɗauka gumi ne.

Namiji in ya gama feshi, riga yake tuɓewa ya wanke jiki a bakin gona. Ni kuwa ga maza suna aiki a gonar kusa. Haka na tako har gida da jiƙaƙƙen hijabi, ina ma toshe hanci da gefensa saboda wari.

Kafin la'asar yawu ya cika mini baki, sai amai, gani ya dushe. Gwaggona ta kawo nono.

"Sha, ɗiyata, shi ke kashe dahi."

Na sha. Numfashi ya fara gagara.

Aka garzaya da ni asibitin Kankia. Ma'aikaciyar jinya almakashi ta sa wa hijabin, aka wanke ni da sabulu. Likita ya tambayi sunan maganin. Ban sani ba. Sai da yayana ya koma shagon a babur ya ɗauko hoton galan ɗin da aka auno maganin daga ciki.

Allura a kai a kai, ƙarin ruwa, robar iska a hanci. Ina jin ƙirjina yana kurkur, ina lissafin wanda zai riƙe mini yara. Tumakina biyu sun tafi wajen magani.

Da na fara magana yayana ya ce, "Tun yaushe muke cewa ki bar mana gonar nan? Mi ya kai mace feshi?"

Na ce, "Yaya, da ka aiko mini mai feshi."



Alhamdulillahi. Na gode wa ma'aikatan, da matan unguwarmu da suka ciyar da yarana.

'Yan'uwana mata: kada ku karɓi magani marar takarda. Ku tafi gona da sabulu da hijabin canji. In maganin ya zubo muku, ku cire hijabin, ko da bayan kara ne. Nono ba ya karya wannan guba, a wuce asibiti da kwalbar maganin.

Har yanzu fitsarina bai dawo daidai ba. An ɗibi jini don duba ƙoda, kuma likita ya hana ni gona sai ya ga sakamakon. Ranar Alhamis ake sa ran fitowarsa.