Filin da Malam Lawali ya ajiye wa injin da bai iso ba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Malam Lawali, kuma har yau in aka tambaye ni yadda nake ji sai in ce lafiya lau, don ban san wata amsa ba. An buɗe wa motar da yake ciki wuta a hanyar Tsafe zuwa Gusau, yana dawowa daga makarantar da yake koyar da kimiyya. Da ni aka yi masa wanka, da ni aka sa shi a kabari, washegari na koma rumfata a kasuwa na ci gaba da auna gero. Mutane suka ce Alhaji Mande akwai tawakkali. Ba tawakkali ba ne. Wani abu ne ya daskare mini a ƙirji, ban kuma nemi ya narke ba.

Tun muna firamare muke tare. Ni na tsaya a kasuwa, shi ya bi boko har ya dawo da wata magana wadda ta zame masa kamar ciwo. Wai masana a ƙasashen waje suna neman hanyar kunna irin wutar da ke cikin rana a cikin inji. Yakan zauna a bakin rumfata ya tsinci ƙwayar gero biyu, ya matse su da yatsu, ya ce haka rana take yi: tana haɗa ƙananan ƙwayoyin zarra biyu su zama ɗaya, zafin da ya fita shi ke dafa mu. Ya ce wannan daban yake da nukiliyar da ake fasa ƙwaya, kuma wani ɓangare na mansa daga ruwa ake samunsa. Sai in ce, “To Malam, zuba mini geron cikin buhu, ba naka ba ne.” Ya yi dariya ya ci gaba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne da ya ji ana cewa za a iya ƙera ƙarami, wanda zai hau bayan tirela, ya ba gari guda wuta. Tun daga ranar Lawali bai sake zama lafiya ba. In aka ɗauke wuta a unguwarsa ta Damba, cikin Gusau, muna cikin hira, sai ya ce, “Saura kaɗan, Mande.” Na ji wannan saura kaɗan har na haddace.

Yana da ɗan fili da ya gada a ƙauyensu, can ƙasar Bungudu, ta wajen duwatsun Kwatarkwashi. Wata Juma'a ya ja ni muka je, bayan an sauko daga masallaci ya tsayar da liman da wani dattijo, ya ce mu shaida. Na ɗauka sayarwa zai yi. Sai na ji ya ce, “Na ba da wanga hili wakafi don Allah. Kada a gina shago, kada a gina ɗaki, kada a kafa mini sola. A bar shi har ranar da injin nan ya iso, nan za a aje shi.” Sola kam ya raina ta ƙwarai, yana cewa tsintar abin da rana ta zubar ne, da magariba ta yi shi ke nan. Liman ya dube ni, na dubi ƙasa. Muka shafa fatiha. A hanyar dawowa na ce masa wallahi shi ne mutum na farko da ya yi wa injin da ba a ƙera ba shimfiɗa.

Bayan rasuwarsa sai na tsinci kaina ina bin labarin, ni da ban taɓa damuwa da shi ba. Duk sanda rediyo ko waya ta ambaci abin sai in bar mudu in saurara. Ga abin da na fahimta, a matsayina na mai sayar da hatsi. An yi gaba, ba ƙarya. An samu maganaɗisu masu ƙarfin da za su riƙe wutar a ƙaramin wuri, kamfanoni sun yi yawa, kowa na cewa shi zai riga. A wani gwaji ma an ce abin da ya fito ya fi abin da aka harba a ciki, amma in aka haɗa da lantarkin da ginin duka ya sha, faɗuwa aka yi. Bangon injin bai jure abin da ke dukansa na tsawon lokaci, kuma ɗaya daga cikin man da ake buƙata yana da wuyar samu. Har yau ba gidan da aka kunna ko ƙwan fitila ɗaya da shi. Ko da an gama gobe, ina tambayar kaina wa zai kawo shi ƙauyen da mutane ke tsoron zuwa gona, wa zai tsare shi, wa zai gyara shi. Da Lawali na nan zai ce ba ni da hangen nesa, kuma mai yiwuwa ya yi gaskiya.

Bara sabon limamin ƙauyen ya aiko a kira ni. Rijiyoyin ƙauyen sun ƙafe, mata na zuwa rafi bayan duwatsu, kuma an ɗauke biyu daga cikinsu a can. 'Yan asalin garin da ke zaune a Gusau sun haɗa kai za su haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da sola. Masu awon ƙasa sun zagaya, ba inda suka ga ruwa kusa da gidaje sai ƙarƙashin filin Lawali. Shi kuwa wakafi sharaɗin mai shi ake bi, tsohon liman da dattijon nan sun rasu, ni kaɗai na rage cikin shaidu.

Kafin in tafi na biya ta Damba wajen matarsa, Hajiya Indo, da fatan ta ɗauke mini nauyin. Ta ce, “Alhaji, ni ba ni wurin, kai ka ji abin da ya ce. Shekara ashirin ina taya shi jiran injin nan, ban taɓa gaskatawa ba, ban kuma taɓa gaya mishi ba.” Ta kawo mini ruwa na sha, na tashi.

A zauren liman mutane sun cika. Ya ce, “Alhaji Mande, mi ya ce?” Na maimaita maganar kamar yadda ta fito daga bakinsa, har da ta sola, ban rage komai ba. Liman ya ja carbinsa, sannan ya ce malamai sun yi sassauci in lalura ta kai haka, amma shi ba zai taɓa sharaɗin mamaci da ra'ayin kansa ba. “Kai ka san shi fiye da kowa. Da yana raye yau, shi yarda?”

Gaskiya ban sani ba. Lawali mutum ne mai taushin zuciya, yakan sauka daga babur ya ɗauki tsohuwa da kayanta. Kuma mutum ne mai taurin kai, wanda in ya kafe ko hakimi bai tanƙwara shi. Ina iya jin shi yana cewa a haƙa yanzu-yanzu, ina kuma iya jin shi yana cewa a nemi wani wuri, saura kaɗan. Shaida ce za a tambaye ni ita gobe ƙiyama, a gaban mutumin da ba ya nan balle ya ƙaryata ni. Na ji muryata ta ce, “Shi yarda. Ku haƙa.” Ban ji sauƙi ba, ban ji nauyi ba. Na sa takalmina na nemi mota.

Ban je ranar da aka samu ruwa ba. Sai a watan jiya, da na ga ranar rasuwarsa ta kusa zagayowa, na ce bari in leƙa. Faifan sola na jere a kan ƙarafa, ga tanki, ga layin jarkoki har bakin hanya. Ƙauyen ya cika da baƙi, waɗanda suka gudo daga garuruwan da aka tasa. Na tsaya a bakin shingen ina kallo, ina neman in ji wani abu game da abokina, ko haushi ne, ko daɗi.

Ina ta tunanin me ya rage na mutumin nan. Ɗalibansa sun watse, wasu direbobi, wasu 'yan kasuwa, ban san wanda ya riƙe maganar rana ba. Injin bai zo ba, kuma ban sa ran zan gan shi da idona. Ina cikin haka wata mata da tulu biyu ta tsaya a bayana ta ce, “Baba, ɗan matsa, zan shiga Lawali kafin layi ya yi tsawo.”

Na matsa. Na ce, “Baiwar Allah, wane ne Lawali?”

Ta ce, “Sunan famfon ne.”

Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na riƙe mata ƙofar ta wuce.