Suka ce kunyar ɗan fari ce

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu tambaya ko na bar Yamai, ina nan unguwarmu Yantala, ban je ko'ina ba. Jinya na yi.

Abin ya faro ne bayan haihuwata ta fari. Ranar suna gida ya cika, ana ta barka, ni kuwa ina zaune kamar an aro ni. Aka miƙo mini jaririyar. Na mayar da ita hannun mai miƙowa.

Sai mata suka sa guɗa. Wata gwaggon maigidana ta ce, "Kai, 'yar Damagaram akwai alkunya! 'Yan lakkol, 'yan bokon nan na yanzu, har sumbatar ɗan fari suke a gaban surukai, wannan ko kallo."

Yabo na sha, ni da nake nutsewa.

Ba na barci, abinci ba ya shiga. In jaririyar ta yi kuka ba na iya zuwa kusa. Kullum gani nake in na ɗauke ta za ta suɓuce ta faɗi, ko in yi mata wani abin da hannuna. Wa zan gaya wa wannan? Nono ma sai an ɗora mini ita, ina ba ta, fuskata na kallon bango.

Maigidana direba ne a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, tun safe ya fita sai magariba. Mutumin kirki ne, amma abin da aka gaya masa ya ɗauka. Ya kan yi dariya ya ce, "Ke dai kunyar nan taki ta yi yawa."

Da nonon ya ƙafe, yayarsa Hadiza, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo daga Tawa. Ta ce, "Tunda 'yar fari ce, ku ba ni in riƙe, ke ma ki huta." Aka tambaye ni. Na ce to. Wallahi sanyi na ji a raina ranar, kuma wannan sanyin shi ne abin da ya fi ci mini rai yau.

Bayan tafiyarsu na ƙarasa rushewa. Na daina zuwa koyarwa. Wanka ma sai an yi da gaske. Madam Zalika, da muke koyarwa tare, ita ta zo ta sa ni a taksi sai asibiti, ba ta ko nemi shawarata ba.

Aka auna jini, aka duba masassara, aka duba maƙoƙo. Ban da ƙarancin jini ba a ga komai ba. Daga nan aka tura mu ɓangaren masu taɓin hankali. Na ja mayafi na rufe fuska, kar wani ya gane ni a layi.

Lokotoron ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Madam, kunyar 'yarki kike ji, ko tsoronta?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Na yi kukan da ban yi ba tun a ɗakin haihuwa.

Ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama mata da yawa, kuma yana da magani. Maganin da tsada, sai da 'yan kunnena na aure suka tafi. Makonnin farko jiri da bushewar baki. A hankali barci ya dawo, abinci ya dawo, na koma aji. Maigidana ya raka ni ganin lokotoro sau ɗaya, ya fito idonsa jawur, ya ce, "Ki yafe mini, ban sani ba."

Na gode wa Allah. Na gode wa Madam Zalika da lokotorona. Na gode wa Yaya Hadiza ma, don ta riƙe mini 'ya da zuciya ɗaya.

'Yan uwa, in mai jego ta ƙi ɗaukar ɗanta, kar ku yi saurin yaba ta. Ku keɓe da ita ku tambaye ta ko tana barci, ko tana cin abinci, me take tsoro. Ku kai ta asibiti. Kuma kar a yanke maganar riƙo tana cikin wannan hali, don "to" ɗinta ba nata ba ne.

Watan jiya na je Tawa da niyyar ɗauko 'yata Mariama. Har ta fara magana. Na durƙusa na buɗe mata hannuwa, ta ruga ta ƙanƙame zanen Yaya Hadiza tana cewa, "Mama, baƙuwa."

Yaya Hadiza ta juya tana share ido. Na bar maganar da ta kawo ni a cikina.

Na kwana biyu, na dawo da 'yar rigar da na saya mata a jaka. Ta yi mata kaɗan.