An Gyara Hanyar Kafur

Har yau idan na ji ƙamshin gyaɗa a cikin toka, sai zuciyata ta koma tsakar gidanmu, can ƙauyenmu na gefen hanyar Danja. Bayan kaka, idan sanyi ya fara shigowa, Iya, mahaifiyar babanmu, takan sa mu tara karan dawa mu hura wuta a ƙofar ɗakinta da an idar da sallar isha'i. Ni ce mai sunanta, don haka wurina a jikin ƙafarta yake, ba wanda ya isa ya ture ni. Can jikin rumbu kuma Baba yakan zauna da fitilar ƙwai yana taɓe-taɓen babur ɗinsa, wani ƙato mai doguwar kujera da ya saya a hannu. Sai ya yi kamar ba ya jinmu, alhali sau da yawa nakan hango kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Baba shi ne ɗan farin Iya, kuma wanda bai taso a irin gidajenmu ba, da wuya ya gane nauyin wannan. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta taɓa roƙonsa ko da allura ba. Idan ta kama dole, ni ake aike: "Takwara, je ki ce wa mai babur ɗin can ana sallama da shi."

Wata shekara ƙanwarta, Inna Hanne, da ke wani ƙauye bayan Kafur, ta kwanta ciwo. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Iya ba ta iya shiga mota, amai take yi tun kafin a tashi. Da damina Baba ya taɓa kai ta a babur, ta dawo ƙugu ya riƙe, ta daɗe tana sallah a zaune, amma ba ta ce ƙala ba. Da ya aiko ni in ce zai sake kai ta, sai ta ce in gaya masa ta gode, sai ta ji dama-dama. Daga nan ta shige ɗaki, na tarar da ita ta tasa daddawar da ta yi wa ƙanwarta a gaba tana share hawaye.

Laifin ciwon ƙugun nan na shokozobar bayan babur ne, ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke ƙarƙashin kujera, waɗanda ke shanye gargada. Na babur ɗin sun mutu murus, man cikinsu ya tsiyaye. Na kamfani kuwa sun fi ƙarfin aljihun Baba, don shekarun ne da komai ya yi tashin gwauron zabo. Mai shagon kayan babur a Funtuwa ya nuna masa iri biyu da zai iya saye, masu tauri da masu taushi. Muna ji Baba ya gaya wa mahaifiyarmu cewa masu taurin zai ɗauko, tunda da babur ɗin yake jigilar taki da buhunan masara. Iya ma ta ji.

Da aka hura wuta ran nan, ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Muka ce mu ne.

Wai an yi wani falke, mutumin kirki, mai jaki ɗaya da akumari ɗaya, shimfiɗar nan ta bayan jaki. Ran Laraba ya ɗora wa jakin kanwa, ran Juma'a ya ɗora tsohuwarsa ya kai ta ganin dangi. Da akumarin ya tsufa sai ya tafi wurin maɗinki. Maɗinki ya ce, "Da tattaka mai tauri zan cusa maka, ko da audugar rimi mai taushi?" Falke ya ce bari ya yi shawara da masu hawa. Ya je ya durƙusa gaban kanwa ya ce, "Kanwa, akumari yana cin ki?" Kanwa ta yi shiru. Ya je gaban tsohuwa ya yi mata tambayar, ita ma ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Falke ya yi murna ya ce, "Alhamdu lillahi, bakinsu ya zo ɗaya, a cusa tattaka!"

Muka kwashe da dariya. Ƙanena ya ce, "Iya, ai kanwa ba ta da baki."

"Ita ba ta da baki," in ji Iya, tana tona gyaɗa da tsinke, "tsohuwar kuma tana da kunya. Shi kuwa yana gaba riƙe da igiya, ina zai san abin da ke bayansa?"

Muka nace sai ta faɗa mana yadda aka ƙare. Ta ce nan ta tsaya, wuta ma ta gaji, kowa ya tashi. Sai a lokacin na lura ƙarar sifanar Baba ta daɗe da ɗaukewa a jikin rumbu.

Sauran labarin a bakin maƙwabcinmu Malam Audu muka ji, don shi Baba ya ɗauka zuwa Funtuwa. Mai shagon mutumin kudu ne amma haifaffen garin, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Baba ya roƙe shi a ɗaura kowanne a gwada, ya yarda. Sai Baba ya miƙa wa Malam Audu babur, shi ya haye baya, suka bi wata hanya mai ramuka ta bayan layin dogo. Masu shaguna suna ta tsiya: "Malam, an sayar da babur ɗin ne?" Da masu taurin, in ji Malam Audu, rami na farko sai da haƙoran Baba suka haɗu. Ya sauko ya dafe ƙugu ya ce, "Audu, shekara da shekaru ina tuƙa abin nan, ban taɓa zama a nan ba."

Mai shago ya gaya masa gaskiya: "Masu taushin nan, kana ɗora buhu biyu za su zauna, ka sani." Baba ya ce ya ji, a ɗaura. Tun daga nan buhu ɗai-ɗai yake ɗauka, aikin sawu ɗaya ya koma biyu, ban kuma taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ran Juma'a ya aiko ni in ce wa Iya babur na jira. Ta ɗauko ƙullin daddawarta. Ta yi mako a can. Ranar da suka dawo, da kanta ta sauko, ba wanda ya kama ta. Da muka taru bakin wuta ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba ta ce, "Takwara, ashe an gyara hanyar Kafur? Sumul, kamar a kan tabarma. Wanda ya yi aikin nan, Allah Ya yi masa albarka, Ya ba shi masu jin ƙansa."

Muka ce amin, mu a zatonmu da gwamnati take. Daga jikin rumbu ma na ji an ce amin, a hankali, da wata murya da ban san Baba da ita ba. Babu abin da aka taɓa a hanyar nan. Inna Hanne ta rasu kafin ruwan farko, ganin da suka yi wa juna ke nan na ƙarshe.

Yanzu duk sun tafi, gidan ma wasu ne a ciki. Ina kewarsu, kewar da ba ta raguwa da tsufa. Ni zamani ya sake ni, ina kiran ɗan farina da sunansa gatsau, in ɗauki waya in zayyana masa duk abin da ke damuna. Yaron kirki ne, yakan ce to, Mama. Amma ban tabbata ya taɓa jina yadda Baba ya ji Iya a bakin wutar nan ba, ita da ba ta ce masa komai ba.